Kira ga masu ɗaukar hoto kan kwamfutar hannu da memori

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin masu ɗaukar hoton biki da ke rububin sayen kwamfutar hannu irin su iPad don nuna wa masu biki hoto nan take.

A fara duba girman ma'ajiyarta. Hoton RAW (ɗanyen hoton da kyamara ke ajiyewa ba tare da ta sarrafa shi ba) ɗaya daga kyamara mai megafiksel 24 yakan kai megabait 25 zuwa 30, wato hoto 2,000 sun kusa cinye gigabait 64. Mai ƙaramar ma'ajiya ba za ta kai ƙarshen kamu da walima ba. A nemi mai kafar USB-C, a haɗa da na'urar karanta memori, wajen kwaso hotuna daga kyamara ta fi Wi-Fi sauri nesa ba kusa ba.

Memori kuwa a sayi mai tambarin V30 (alamar saurinsa wajen ajiye bidiyo) idan za a ɗauki bidiyo. Na jabu sun cika kasuwa: na jabu yana nuna gigabait 128 alhali cikinsa bai kai haka ba, yana cika sai ya fara murƙushe tsofaffin hotuna. A gwada shi kafin ranar aiki, a kuma yi masa fomat a cikin kyamarar kanta.

Hasken allo yana yaudara, musamman a rana. Hoto ya yi kyau a allo, a takarda ya fito da duhu. A rage hasken zuwa rabi kafin gyara. Kada a goge memori sai hotunan sun zauna a wuri biyu.

Naka,
Wani mai karatu, Kano