Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Koyon Kwamfuta: Inda Kuɗinku Ya Shiga

Assalamu alaikum iyayenmu, malamanmu da 'yan uwa maza da mata, na gida da na waje.

Tun bayan da aka buɗe ɗakin, tambaya ɗaya ke ta dawo mana, a bakin masallaci, a majalisa, har a wajen ɗaurin aure: an ce za a sa kwamfuta 30, me ya sa ake ganin 18? Wasu kuma sun ƙara da cewa rasit ya nuna inbata biyu (na'urar da ke juya wutar batir zuwa wutar da kwamfuta ke amfani da ita), ga shi ɗaya ce a bango. Wanda ya ba da kuɗinsa yana da haƙƙin tambaya, ba mu ji haushi ba. Abin da ya yi mana ciwo shi ne yadda maganar ta zaga gari kafin ta zo wurinmu.

Dalilin aikin kowa ya san shi. Tun 2015 da JAMB ta koma jarrabawa a kwamfuta gaba ɗaya, yaranmu ke shiga ɗakin jarrabawa a Zariya ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Gyaran harafi ɗaya a takarda kan ci wa mutum kuɗin mota da yini guda. Ƙaramar Hukumar Soba ta ba mu aron tsohon ɗakin ajiyar taki, muka zaɓi gyara maimakon sabon gini. An sauya kwano, an sa silin, an yi daɓen siminti, an sa ƙofar ƙarfe da tagogi masu sanduna. Wannan ɓangaren babu wanda ya yi gardama a kansa.

A dunƙule, cikin kowace naira goma da kuka tara, huɗu sun tafi wajen wuta, uku kwamfutoci, biyu gyaran gini da kujeru, ɗaya kuma intanet da kuɗin mota.

Kasafin farko mun yi shi ne a farkon 2023, lokacin dala tana wajen ₦750 a hannun 'yan canji. Kafin kuɗin alƙawari su gama shigowa, a Fabrairun 2024, ta haura ₦1,500. Kwamfuta, batir da farantin sola duk kayan waje ne, da dala ake auna su. Sau biyu wakilanmu suna zuwa Kano da kuɗi a hannu, suna dawowa da shi, domin farashin da aka faɗa musu a waya ranar Litinin ba shi suka tarar ranar Alhamis ba. Kuɗin kwamfuta 30 sai ga shi ya tsaya a 21, su ma na hannu, masu kyau dai, waɗanda muka sa aka kunna kowace a gabanmu kafin a biya.

Sai batun wuta, inda aka fi cewa mun yi almubazzaranci. A zaman kwamiti ma sai da muka yi dare biyu muna ja-in-ja. Wasu dattawanmu sun ce a sayi janareta, a zuba ragowar a kwamfutoci, kuma a lokacin hujjarsu tana da ƙarfi. To amma ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da ₦200 ta haura ₦500 cikin kwanaki, zuwa Oktoban 2024 ta taɓa ₦1,000. Wa zai riƙa zuba wa janareta mai awa shida kullum? Ɗalibin da uwarsa ke sayar da ƙosai? Mun ga ɗakuna irin wannan a wasu garuruwa, kwamfutoci a lulluɓe da zani, janareta a kwance saboda babu mai. Shi ya sa muka ɗauki sola da batirin litiyam. Ya fi batirin ruwa tsada sosai, amma ya fi shi shekaru, kuma ba ya buƙatar a riƙa ƙara masa ruwa. A Oktoban 2024, da yawancin Arewa ta yi sama da mako cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta, darasi bai tsaya a ɗakin nan ko na yini ɗaya ba. Har daga ƙauyuka aka riƙa kawo wayoyi caji.

Inbata ta biyu kuwa, a nan muna da laifi, kuma ba za mu ɓoye ba. Mai haɗa mana wuta ya ce a sayi sandar tagulla da ake binnewa a ƙasa da na'urar kare tsawa. Kuɗi ya yi ƙasa, muka ce a bari sai bayan girbi. Wani dare da damina aradu ta faɗi kusa da ɗakin. Da asuba maigadi ya buɗe ƙofa ya ji ƙauri, bangon bayan inbata ya yi baƙi ƙirin, wayoyi sun narke sun manne da juna. Inbata ta tafi, kwamfuta uku suka bi ta. Ga yadda 21 ta koma 18. Abin da muka ƙi kashewa bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da muka yi asara ba. Tsohuwar inbatar tana nan a kusurwar ɗakin, ba mu sayar wa 'yan gwangwan ba, domin duk mai shakka ya zo ya ɗaga ta da hannunsa. Yanzu an binne sandar, an sa na'urar.

Intanet da farko mun gwada layin waya da eriya a kan dogon ƙarfe, sabis ɗin bai ɗauki mutum goma a lokaci guda ba. Muka koma Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, wadda ta fara aiki a Nijeriya a 2023. Muna kuma roƙon a daina yaɗa cewa nan zai zama wurin zana JAMB. JAMB ba ta amincewa da cibiyar jarrabawa sai tana da kwamfuta aƙalla 250. Namu wurin koyo ne. Yanzu haka akwai ajin ɗalibai da safe, da yamma kuma ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi da wasu malaman gona da magatakarda daga Maigana suna koyon shigar da rahoton wata ba sai an kai takarda a babur ba.

Godiya ta musamman ga Mai Girma Hakimi, Allah ya ja zamaninsa, wanda ya sa baki aka ba mu ɗakin, ya kuma fara ajiye nasa kafin kowa. Alhajinmu na Legas da ya hana a ambaci sunansa shi kaɗai ya ɗauki nauyin batir, da ya ji labarin tsawa kuma bai tambayi ko wa ya yi sakaci ba, ya turo rabin kuɗin sabuwar inbata. Allah ya saka masa da Aljanna, ya jiƙan mahaifansa. 'Yan uwanmu mazauna Kaduna da Abuja, iyayenmu mata da suka ba da kwasar adashinsu guda, manoman da suka kawo buhunan masara, da matasan da suka ɗebo yashi kyauta, Allah ya ba kowa ladansa.

Aiki dai bai ƙare ba. Babu katanga, farantan sola suna fili, maigadi ɗaya ne. Babu banɗaki, kuma wannan ne ya hana mu buɗe ajin matan aure, alhali sunayensu sun cika shafi biyu. Kuɗin intanet na wata-wata da alawus ɗin malami daga aljihun mutum huɗu suke fita, ba za su iya ɗorewa a haka ba. Muna neman bulo, siminti, ko alƙawarin wani abu kowane wata komai ƙanƙantarsa. Kaka ta kusa, mai tiya ya kawo tiya, mai buhu ya kawo buhu. Littafin shiga da fita da dukan rasitai suna hannun ma'aji a ɗakin kowace Asabar bayan La'asar, kuma a nan ake karɓar gudummawar katanga da banɗaki.

Wassalam.
Magatakarda, a madadin Kwamiti