Godiya ta musamman ga kafintocin wani atiliye na unguwar Zariya, Maraɗi

Assalamu alaikum jama'a. Ni dai rubutu bai dame ni ba amma wannan karon na ce sai na rubuta kowa ya gani, don abin da bayin Allahn nan sunka yi min ya wuce in ce na gode a bakin ƙofa kawai. Maigidan wani atiliye ne nan unguwar Zariya, shi da yaranshi biyu. Na so in sa sunanshi ya ce a'a Hajiya bar shi tsakaninmu da Allah, to sunan na bari amma aikin kam sai na faɗa.

Bikin ɗiyata ne ya matso, saura kwana 9 a yi jere. Almuwar ɗin da munka sa anka yi mata tun cikin watan takwas ruwa na zuba, doguwa ce mai ƙofa huɗu, biyun tsakiya da madubi, kuma randa anka kawo ta lafiya lau take. To da hunturu ya busa munka buɗe ɗakin da kayan suke, sai ga ƙofa ɗaya ta sunkuya tana gogar katakon ƙasa, ɗaya ta hau kan 'yar'uwarta, ta gefen kuwa ko ka rufe ta sai ta sake buɗewa a hankali. Wanda ya yi ta na kira shi ya fi sau goma, yau gobe yau gobe, daga baya ma wayar ba ta shiga. Kun san jere, dangin miji za su zo, mata za su buɗe kowace ƙofa su leƙa, ni kuma adashin shekara biyu na zuba cikin kayan nan. Wallahi kwana biyu ban runtsa ba.

Ƙanena ne ya hau kabu-kabu ya je ya taho da maigidan atiliyen nan na Zariya. Da ya shigo ya daɗe yana buɗewa yana rufewa bai ce komi ba, sannan ya ce Hajiya katakon bai gama bushewa ba anka yi aikin, da damina yana shan danshi ya kumbura, iskar hunturu ta zo ta busar da shi ya tsuke. Na biyu kuma sharniyar da anka sa, wato ƙarfen da ke riƙe ƙofa tana buɗewa tana rufewa, irin ta da ce mai fiffike biyu, in an ɗaure ta shi ke nan ba ta matsawa sai dai a cire a huda wani wuri, kuma biyu-biyu kawai anka sa, alhali ƙofa mai tsawon kusan mita 2 ga nauyin madubi huɗu take so. Ni har na ce to a sake sabbin ƙofofi ko nawa ne in ranto, ya ce haba Hajiya, ƙofofinki ba abin da ya same su, kar ki ci bashi a banza. Nan ne fa na san na samu mutum, don da ya ce a sake, da na biya ban yi musu ba.

Sai ya ciro wata sharniyar daga aljihu ya ɗora min a tafin hannu. Kanta kamar ɗan ƙaramin kofi, ana yi mata rami zagaye na milimita 35 a bayan ƙofa ta zauna ciki, sai hannunta ya hau kan wani ɗan gindi da ake ɗaurewa jikin almuwar daga ciki, in an rufe ba ka ganin komi daga waje. Abin da ya fi burge ni kusoshin gyaranta, na gaba in ka murza ƙofar ta matsa dama ko hagu, na baya ya tura ta ciki ko ya jawo ta waje, na jikin gindin kuma da su ake ɗaga ta sama ko a sauke ta, kowane yana matsawa kamar milimita 2 ne kawai amma ashe duk karkatar da ke tada hankalin mutum ba ta wuce haka da yawa ba. Ya ce akwai Blum ta ƙasar Ostiriya da Hettich ta Jamus, su ne na gari amma da tsada, 'yan Sin kuma sun cika kasuwa, cikinsu akwai mai ƙwari akwai wadda wata uku ta saki. Bai matsa min ba, ya ce in zaɓi daidai ƙarfina. Tare da ƙanena sunka tafi kankayari, shagon kayan ƙarfe, a babbar kasuwa sunka sayo guda 16, ya dawo min da takardar kuɗin da canjina har dala biyar ɗin da ta yi saura.

Aikin da anka yi gabana ina zaune bisa tabarma. Ya gwada kaurin ƙofa ya ce milimita 18 ne, ramin kuma kusan 12 zai shiga, to kan masu madubin nan sai da ya naɗa salatif a bakin abin hudawar don kar ya zarce, yaron na riƙe da ƙofar shi yana hudawa kaɗan-kaɗan yana hure garin katako. Tsofaffin ramukan kusa bai bar su haka ba, ya fiƙe 'yan itatuwa ya shafa gam ya cusa ya goge. Da anka rataya ƙofofin sai ya yago ɗan kwali ya riƙa zura shi tsakanin ƙofa da ƙofa, ya murza turnabis rabin zagaye, ya ja baya ya kanne ido ɗaya ya duba, ya dawo ya ƙara kaɗan, haka haka har anka kira la'asar. Da sunka dawo masallaci ya ce Hajiya taso ki rufe da hannunki. Na rufe, layin tsakiya ya miƙe sak tun daga sama har ƙasa, ba ƙara ba goga, sai da hawaye ya zo min.

Kuma ba nan ya tsaya ba. Ya ce in an kai ta gidan amarya za ta sake karkata don daɓen ɗaki ba ya zama ɗaya, a kira shi. Ranar jere tun da hantsi sai ga shi kafin mata su taru, ya sa ɗan guntun katako ƙarƙashin ƙafa ɗaya, ya sake murza kusoshin, na miƙa mashi jika biyu ya ƙi karɓa ya ce ai yana cikin aikin farko. Ya kira ɗiyar tawa ya nuna mata wane kusa ke yin me, ya ce in damina ta faɗi ƙofa ta fara gogawa ta murza na gaban kaɗan, in ya gagara ta aiko. Turnabis ɗin ma ya bar mata, yana nan cikin aljihun almuwar na ƙasa.

Malam, Allah ya saka maka da alheri, ya yi wa atiliyenka albarka, ya raya maka zuri'a, yaran nan biyu Allah ya sa su ma su buɗe nasu. Masu shirin kayan ɗaki a Maraɗi duk mai son a kai shi wurin ya yi min magana, ƙanena ya san hanya.

Uwar amarya, daga unguwar Ali Ɗan Sofo.