A Bar Naƙasassun Zango Su Riƙe Ragamar Hidimar Intanet Ɗinsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, tare da dukan ma'aikatan sashen Hausa na gidan rediyonku. Ni makaho ne, magidanci, mazaunin Aboabo a nan Kumasi. Da wayata na rubuto maka, manhajar TalkBack tana karanta mini abin da yatsana ya taɓa.

Yau a Ghana kusan kowace buƙata ta koma cikin waya. Tun da MoMo, hidimar tura kuɗi ta waya, ta shigo a 2009, aika kuɗi da karɓa sun bar hannun direban mota. Katin inshorar lafiya ana sabunta shi ta *929#, wutar lantarki a waya ake saye, layin wayar ma sai an haɗa shi da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa. Ga gurgun da sai an ɗaga shi an sa a trotro, motar haya, kafin ya kai Adum a tsakiyar gari, wannan rahama ce babba, kuma ba na raina ta. Damuwata ita ce yawancin waɗannan hidimomi an tsara su ba tare da an zauna da ko mutum ɗaya daga cikinmu ba.

Bari in kwatanta maka yadda abin yake. Makaho ya danna lamba zai tura kuɗi, muryar waya ta fara jero masa zaɓi ɗaya bayan ɗaya, kafin ta kai ƙarshe lokaci ya cika, shafin ya rufe, sai a koma farko. Wata manhajar maɓallanta ba su da suna, murya ba ta da abin da za ta faɗa. Wani shafin zai ce ka kwafe haruffan da ke cikin hoto domin a tabbatar kai mutum ne. Ƙarshen abin, dattijo mai jikoki ya miƙa wayarsa ga mai MoMo na bakin titi, ya raɗa masa lambar sirrinsa, ko ya zauna jiran yaro ya dawo daga makaranta. Mafi yawan masu taimakon mutanen kirki ne, Allah Ya saka musu. Amma wane magidanci ne zai so ɗan maƙwabci ya san sidi nawa suka rage masa, wa ya turo masa, wa yake bin sa bashi? Mace makauniya da 'yar'uwarta ta aiko wa kuɗin asibiti, don me sai duk gida sun ji? Rufin asiri shi ne abin da Bahaushe yake roƙon Allah safe da yamma, mu kuwa waya tana tona namu kullum. Kurma shi ma da nasa: idan kuɗinsa suka maƙale sai a ce ya kira lambar masu kula da abokan ciniki, alhali ba zai ji su ba.

Kuma ba mu da kaɗan. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na 'yan ƙasa masu shekara biyar zuwa sama suna fama da wata naƙasa, wato sama da mutum miliyan biyu. Muna da Dokar Naƙasassu ta 2006, mai lamba 715, wadda ta ba da wa'adin shekara goma a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin ya cika tun 2016. An rubuta ta kafin MoMo ta zo, don haka tana buƙatar gyaran da zai tilasta wa masu tsara manhajoji su tuna da mu. Ghana ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2012, kuma a cikinta an ambaci fasahar sadarwa da intanet ƙarara.

Sai dai ba jiran majalisa ya sa na rubuto ba. Ƙungiyoyin makafi da kurame na ƙasa da gamayyarsu ta GFD suna ƙoƙari, amma yawanci da Turanci ko Twi ake tarukan. Da yawa daga naƙasassun zango allo suka yi, ba su shiga boko ba. Muryar wayar da ke Turanci ba ta da amfani gare su. Kurman da bai je makarantar kurame ba, irin ta Mampong-Akuapem da ta samo asali daga aikin da Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke, ya fara a 1957, maganar hannu ta gida kawai ya sani.

Abin da nake gani ya dace shi ne mu kafa hidima tamu a WhatsApp, da Hausa, wadda naƙasassu ne za su tafiyar da ita, a biya su albashi. Makahon da ya ƙware a waya ya koya wa ɗan'uwansa ta saƙon murya yadda zai tura kuɗi ba tare da kowa ya ji lambarsa ba, da yadda zai gane kiran 'yan damfara masu cewa sun turo kuɗi bisa kuskure. Kurma mai ilimi ya amsa wa kurame ta bidiyo. Gurguwar da ta gama sakandare tana zaune a gida ta riƙe cike takardu da bin sawun ƙorafi. Masu ido da ƙafa su taimaka, muna maraba, amma shugabanci da asusu su zauna a hannunmu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsara kai ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun zamanin kakanni a ƙasar Hausa makafi da guragu suna da sarakunansu. Wanda kuma yake shakkar iyawarmu ya tuna Dakta Henry Seidu Daanaa, makaho, lauya, da aka naɗa ministan harkokin sarauta a 2013.

Kuɗin fa? Akwai kason da ake ware wa naƙasassu daga asusun gundumomi. An saba sayen keken guragu da keken ɗinki da firij, duk suna da amfani. Ina roƙon asamble ɗinmu, wato majalisar gundumarmu ta Asokore Mampong, da takwarorinta na Accra masu kula da Nima da Sabon Zango su sa waya mai kyau da data da kuɗin horo cikin abin da za a iya nema. Attajiranmu masu fitar da zakka, da limamanmu masu tunatarwa ranar Juma'a, su ma su dubi wannan hanya. Sadakar ƙofar masallaci tana ƙarewa a tuwon dare ɗaya.

Ku kuma, Malam Edita, roƙona gare ku biyu ne. Ku ba mu rabin awa a mako, naƙasasshe ya gabatar da shirin da bakinsa, masu sauraro su turo tambayoyi ta saƙon murya. Sannan idan za ku ɗora shirin a Facebook, ku sa mai fassara da maganar hannu a gefen hoton, don kuramen zango su san abin da aka tattauna. Idan kun amince, zan zo da 'yan'uwana mu zauna da ku a tsara.

Wassalam.

Naka mai sauraro,
daga Aboabo, Kumasi.