Kafin a kawo mana tashar nukiliya, a fara tambayar ƙasa da ruwa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Ni dai ba wani ɗan boko mai zurfi ba ne, sana'ata haƙa rijiyar burtsatse, shekara 20 da ɗoriya ina bin injin daga wannan gari zuwa wancan. Maganar tashar nukiliya da ake tayarwa duk sanda wutar ƙasa ta faɗi ce ta sa na ce bari nima in tofa albarkacin bakina. Kwanan nan a majalisarmu saura ƙiris mu ɓata da wani abokina, shi a ganinsa da an kawo nukiliya shi ke nan an yi sallama da janareto da kuɗin mai, ni kuma na ce masa ban ƙi ba, wa zai ƙi wuta, amma ni da na saba ganin abin da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa tambayata ita ce, a wace irin ƙasa za a dasa ta, kuma ruwan da ke kwance ƙarƙashin wurin ina ya nufa?

Ga abin da ya koya mini wannan tambayar. Akwai wata unguwa da aka taɓa kirana, wai ruwan rijiyoyinsu ya canja. Na je, aka jawo mini guga ɗaya, tun kafin ya iso baki na ji warin fetur, saman ruwan kuma yana wani ƙyalli mai launi-launi. Ashe tankin wani gidan mai ne da ke can sama da su ya huje a ƙasa, ba wanda ya sani, man yana bin yashi a hankali har ya ratsa gida wajen bakwai. An tone tankin an canja, amma rijiyoyin nan har na daina zuwa unguwar ba mai shan su, sai wanki. To wannan fetur ne fa, abin da hanci ke ji. Gubar nukiliya ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano, sai an kawo na'ura.

Ranar 26 ga Afrilu 1986, wajen ƙarfe 1:23 na dare, tukunya ta 4, wato ɗaya daga cikin injinan da man nukiliya ke ba da zafi a cikinsu, a tashar nukiliya ta Chanobil da ke Yukren, lokacin tana cikin Tarayyar Sobiyet, ta fashe ana tsakiyar wani gwaji. Wuta ta yi kwana wajen 10 tana ci tana watsa burbushi sama. Garin Pripyat da ke gefen tashar mai mutum kusan 49,000 sai washegari da rana aka kwashe su a motoci, aka ce musu su ɗauki kayan kwana uku, har yau ba su koma ba. Duniya ma ba daga bakin hukumomin Sobiyet ta fara ji ba, a wata tashar nukiliya can Siwidin na'ura ta fara ƙara bayan kwana biyu, suka duba suka ga ba daga wajensu ba ne, iska ce ta kawo.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙasa. Man nukiliyar da ke cikin tukunyar, wato yuraniyom, ya narke, ya haɗe da ƙarfe da yashi da kankare ya zama kamar dalma, ya rinƙa cin bene yana gangarawa ɗakunan ƙasa, wani dunƙule da ya daskare a can ma har suna aka sa masa, ƙafar giwa. Tsoron da aka ji shi ne kar ya huda har ya kai ga ruwan ƙasa, domin ruwan wurin kogin Pripyat yake faɗawa, shi kuma ya shiga Dnieper wanda birnin Kiev da miliyoyin mutane ke sha. Sai aka kwaso masu haƙar ma'adinai wajen 400 suka shiga tona rami ta ƙarƙashin tukunyar, yawanci da hannu, cikin zafi da ƙarancin iska, don a zuba kankare mai sanyaya. Daga baya abin ya tsaya da kansa bai kai can ba. Duk wanda ya taɓa shiga rijiya mai gaba goma ya san yadda numfashi ke yi a can ƙasa, balle a ce abin da ke saman kanka wuta ce irin wannan. Allah ya saka musu.

Yanzu ga inda nake so manoma da makiyaya su saurara. Abin da ya zubo ba iri ɗaya ba ne. Akwai aidin mai lamba 131, shi kwana 8 rabinsa ya mutu, cikin 'yan watanni babu shi, amma a ɗan wannan lokacin ya sauka kan ciyawa, shanu suka ci, yara suka sha madara, ya je ya taru a wuya daidai inda maƙoƙo ke fitowa. Zuwa 2005 an ƙirga fiye da mutum 6,000 da suka kamu da kansar wurin cikin waɗanda suke yara a lokacin. Da an hana shan madarar nan na 'yan makonni kawai, da yawansu sun tsira. Sai kuma siziyom 137, wannan shi ne ɗan zaman daram, sai ya shekara 30 kafin rabinsa ya tafi, wato na 1986 sai a 2016 ya koma rabi, sai 2046 zai koma kwata. Shuka kuma ba ta bambance shi da fotash, K ɗin nan da ke jikin buhun takin NPK, sai ta zuƙe shi tana zaton abinci ne. Ɗan'uwansa sitirontiyom 90 shi kuma jiki yana ɗaukarsa kamar sinadarin ƙashi, sai ya je ya zauna a ƙashi.

Kuma irin ƙasar tana da tasiri sosai. Laka tana kama siziyom ta riƙe gam, ba ta cika sakar wa shuka ba. Amma ƙasa mai yashi da ta dausayi, irin wadda ta yi yawa a kudancin Belarus da arewacin Yukren, sakinsa take yi, ciyawa ta ɗauka, saniya ta ci. Shi ya sa can sai da suka rinƙa jibga takin fotash da farar ƙasa a gonaki don shuka ta ƙoshi ta rage ɗaukar gubar. Ku duba nisan da abin ya kai, a tsaunukan Wels da ke Birtaniya sai 2012 aka ɗage dokar auna tumaki kafin a sayar, shekara 26 ke nan, don kawai ruwan sama ya sauka a lokacin da gajimaren ke wucewa. A kudancin Jamus har yanzu mafarauta na kai naman aladen daji a auna. In kuma dajin da ke kewaye da Chanobil ya kama wuta, kamar yadda ya yi a 2020, hayaƙin sai ya sake ɗaga abin da itatuwa suka zuƙa. Ni da na ji wannan sai na tuna jigawarmu da yadda hunturu ke kwasar ƙura daga wata ƙasa ya sauke mana a kwanon tuwo.

Na Japan kuwa darasin wani ne daban. Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta auku a teku, tukwanen tashar nukiliya ta Fukushima suka kashe kansu kamar yadda aka tsara. Matsalar ita ce tukunyar nukiliya ba janareto ba ce da za ka murɗa makulli ta yi shiru, ko an kashe ta tana nan da zafi kamar garwashin da aka rufe da toka, dole famfo ya ci gaba da zagaya mata da ruwa. Wutar waje ta ɗauke, janaretoci suka tashi, bai kai awa ɗaya ba igiyar ruwa mai tsayin mita 14 zuwa 15 ta haye katangar ta cika ɗakunan ƙasa inda aka ajiye janaretocin. Tukwane uku suka narke. Malam Edita, a taƙaice ɗauke wuta ce da mutuwar janareto ta jawo wannan, a Japan fa. Mu da wutar ƙasa ke faɗuwa sau da yawa a shekara ɗaya, ai ya kamata gabanmu ya faɗi.

Abin takaicin, wurin asalinsa tudu ne mai tsayin mita 35, masu gini suka sassaƙe shi ya koma mita 10 don a samu dutse mai ƙarfi kuma jawo ruwan teku ya yi sauƙi. Tashar Onagawa da ta fi kusa da inda girgizar ta taso, an gina ta a kusan mita 15, ta tsira, har mutanen gari suka fake a cikinta. Bambancin 'yan mitoci ne kawai.

Sannan ruwan ƙasa ya zo ya zame musu ƙarfen ƙafa. Yana gangarowa daga tuddai zuwa teku, tashar kuma tana kan hanyarsa, a farko kullum tan wajen 400 ke shiga gine-ginen da suka tsage ya gauraya da gubar. Har ƙasa suka daskarar, suka yi katangar ƙanƙara mai tsawon kilomita 1.5 da zurfin mita 30 kewaye da tukwanen, duk da haka sai da suka tara tankuna fiye da 1,000, ruwa sama da tan miliyan 1.3, a Agustan 2023 suka fara tace shi suna saki a teku. Narkakken man da ke ciki an ƙiyasta tan 880, abin da suka iya zaƙulowa karon farko a ƙarshen 2024 bai kai giram ɗaya ba. Gonaki kuwa kankare samansu aka yi aka ɗura a baƙaƙen buhuna, ƙasa wajen kubik mita miliyan 14. Gaskiya dai a faɗa, waɗanda gubar nukiliyar ta kashe kai tsaye a Fukushima ba su da yawa, igiyar ruwan ce ta ci dubbai, amma mutum fiye da 150,000 sun bar gidajensu kuma tsofaffi da yawa wahalar ƙaurar ce ta kashe su.

Wannan kankare ƙasa mun san shi a gida. A Zamfara cikin 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400, haka aka bi gida-gida ana kwashe saman ƙasa, kuma ƙauyen Bagega sai 2013 aka samu kuɗin yi masa, ana ta roƙo. Ƙauyuka kaɗan ke nan. 'Yan'uwanmu na Arlit a Nijar kuwa, kamfanin Cominak ya rufe a 2021 bayan fiye da shekara 40 yana haƙar yuraniyom, ya bar tulin dusar ma'adini wajen tan miliyan 20 a gefen gari, a wurin da ruwan sha duk daga ƙarƙashin ƙasa yake.

Wuraren da aka ambata za a yi tamu tashar su ne Geregu a jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom, an kuma sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017. Geregu dai kusa da kogin Kwara take, ƙasa da Lakwaja, kuma kowa ya ga abin da ruwa ya yi wa yankin a 2012 da 2022. Masu cewa mu ba ma girgizar ƙasa su tambayi mutanen Kwoi abin da suka ji a 2016, da na Mpape a Abuja a 2018. Ƙanana ne, na yarda, amma dai ƙasar ta motsa.

Ba cewa nake ba za mu iya ba. A Zariya akwai ƙaramar tukunyar bincike a cibiyar makamashi ta ABU tun 2004, 'ya'yanmu ne ke kula da ita lafiya lau, sai dai ita wajen kilowat 30 ce, tsakaninta da tashar da za ta ba jihohi wuta kamar tsakanin kurfoti ne da gobarar kasuwa.

Roƙona, Malam Edita, ka tura wakilinka Abuja wajen hukumar makamashin nukiliya da hukumar da ke sa ido a kanta, ya tambayo mana: an haƙa ramukan gwaji a Geregu kuwa, a mita nawa aka samu ruwa, laka ce ko yashi, ruwan ina yake gangarawa, ambaliyar 2022 ta kai ina, kuma tokar man in ta ƙare aiki a ina za a binne ta? Ku buga mana amsar da Hausa. In ma sun rasa mai haƙa musu ramin gwajin, injina yana nan, su dai zuba dizal.

Naka,
Mai haƙa burtsatse, daga Funtuwa