Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kano: Ina Ɗaliba Za Ta Kai Kukanta?

Mai Girma Gwamna Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum. Allah ya taya riƙo. Na san takardu sun yi maka yawa, don haka ba zan ja gaisuwa ba.

Ni mai sayar da yadi ne a Kantin Kwari. 'Yata tana aji biyu na babbar sakandare a wata makarantar 'yan mata ta gwamnati a cikin birni. Ba zan kama sunan makarantar ko na malamin ba, saboda yarinyar tana can har yanzu, kuma na riga na ɗanɗana abin da kai ƙara yake jawowa.

A zangon da ya wuce malaminsu na lissafi ya buɗe lesin ranar Asabar, naira 2,000 duk wata. Bai ce dole ne ba. Cewa kawai ya yi, "wadda take son kanta ta san inda za ta same ni." Ni ban biya ba, domin yarinyar tana ja a lissafi, kuma yayanta yana duba ta bayan sallar isha'i. Aka yi gwaji har sau biyu, ba a mayar wa kowa takardarsa ba. Da sakamako ya fito, makinta na gwaji 8 ne cikin 30. 'Yan lesin kuwa babu wadda ta sami ƙasa da 24, har da wadda 'yata take yi wa aikin gida a ƙofar aji kafin a buga ƙararrawa.

Na rufe shago na je makarantar. Shugabar ta karɓe ni da mutunci, ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, yaran yanzu ba sa karatu, amma za mu duba." Na ce ba rigima ta kawo ni ba, a nuna mini takardar kawai, in faɗuwa ta yi in koma in yi mata faɗa da kaina. Aka ce takardu suna wurin malam. Malam ya ce suna cikin kwali a ofis, kwalin kuma ruwa ya taɓa shi. Washegari ya shiga aji ya tsaya ya ce, "Ina 'yar gidan masu kai ƙarar nan?" Ya sa ta kamun kunne a gaban allo har aka tashi tara. Laifin da aka ɗora mata wai latti. Ta dawo gida ba ta ko cire hijabi ba, ta zauna a bakin gado ta ce, "Baba, don Allah kada ka sake zuwa."

Wannan maganar tata ce ta sa na ɗauki biro, Mai Girma Gwamna. Yarinya 'yar shekara 16 ta gane cewa in aka cuce ta, mafi alheri ta haɗiye.

A watan Yunin 2024 ka tsaya a gaban jama'a ka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Da bakinka ka faɗa mana yadda yara suke zama a ƙasa babu benci. Ka ware wa ilimi kusan kashi 30 cikin ɗari na kasafin kuɗi, an mayar da malaman wucin gadi na shirin ilimi na BESDA na dindindin, motocin ɗaukar 'yan mata sun dawo kan titi. Mun gani, mun yi addu'a. To amma a cikin wannan ta-ɓaci duka, wa aka ɗora wa sauraron ɗalibi? Ga benci sabo fil, ga fenti yana ƙyalli, amma wadda take zaune a kan bencin ba ta da ikon ganin takardar da ta rubuta da hannunta. Malam shi ne mai tambaya, shi ne mai maki, shi ne mai ajiye shaida, kuma in an kai ƙararsa, shi ake tambaya ko gaskiya ne. Ko a Kwari ba ma yanka wa mutum yadi mu hana shi ganin gwajin.

Za a ce ai akwai hanyoyi. Akwai PTA ta iyaye da malamai, akwai SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, akwai ofishin shiyya na hukumar kula da manyan makarantun sakandare. Akwai ma Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe ta jiha, ga Dokar Kare Yara da aka sa wa hannu a 2023. Allah ya sa albarka. Amma a taron PTA malamin yana zaune a layin gaba yana kallon bakin kowane uba. Takardar da ka kai ofis kuwa, zagayawa take ta dawo teburin shugabar makaranta da sunan 'yarka a sama. Wace yarinya ce za ta hau adaidaita sahu ta je hukuma ta ce an cinye mata maki ashirin? A gida ma cewa za a yi ba ta da kunya, malami uba ne. Uba ne, ban musa ba. Amma uban da yake sayar da adalci naira 2,000 a wata, sai a nemo masa wani suna.

Kada a ɗauka malamai nake zagi. Na san wanda yake shiga aji mai yara fiye da ɗari da guntun alli, albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, kuma bai taɓa karɓar sisin kowa ba. Shi ma wannan ɗabi'a tana cutarsa, domin yaran sun fara yi wa kowa kuɗin goro. In ka ji hirarsu a mota, ba sa cewa wance ta yi ƙoƙari, cewa suke wance 'yar gidan malam ce.

Don Allah, don Annabi, abin da nake roƙo ba ya buƙatar kwangila. A fitar da umarni daga Ma'aikatar Ilimi cewa duk gwajin da aka yi, a mayar wa ɗalibi takardarsa da maki a jiki, wanda bai yarda ba malamin wata makaranta ya sake dubawa. A hana malami yi wa 'yan ajinsa lesin kuɗi. A ba da lambar waya guda a wajen makaranta, wadda za a kira ba tare da sunan yaro ya koma kunnen wanda aka kai ƙara ba.

Akwai batun dorina da ake tsula wa aji guda saboda surutun mutum biyu, da kiran yaro daƙiƙi a gaban sa'o'insa, da kuɗin tsintsiya da ba ya ƙarewa. Waɗannan sai wani jiƙon.

Jarrabawar kwalifayin tana tafe, wadda da ita ake tantance waɗanda gwamnatinka za ta biya wa kuɗin NECO. 'Yata da a da take rige-rigen ɗaga hannu, yanzu ta koma bencin baya, ta ce ita dama lissafi ba nata ba ne. Ranar Asabar da ta wuce na zaro naira 2,000 na miƙa mata, ta karɓa ba ta dube ni ba, ta tafi lesin.

Naka,
Wani uba daga cikin birnin Kano