Tsohon sojan cikin littattafanmu ba shi ne wanda muka sani ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni makarancin littattafan Hausa ne tun ina sakandare, ko yanzu da aka koma karanta su a waya ban daina ba. Kusan duk labarin da aka sa tsohon soja a ciki, mutum ɗaya ake kawo mana: maigida mai jajayen idanu, murya kamar aradu, yana sa ƴaƴansa tsallen kwaɗo a tsakar gida, yana korar samarin ƴarsa da dorina. In ba haka ba, an mai da shi mai taɓin hankali da ke fareti shi kaɗai a bakin kasuwa don a yi dariya. A ganina rijiya biyu marubutanmu suke ɗiba. Ɗaya kirarin barade ne, irin wanda ake yi wa Ɗanwaire na Ruma, namijin da ake cewa ƙarfe ba ya kama shi. Wannan gadonmu ne, ba ni da ja a kansa. Ɗayar kuwa finafinan Amurka da Indiya ne, inda mutum guda yake gamawa da bataliya. Ta ukun tana ƙofar gidanmu, ita ce ba a zura wa guga.

Ƙanin kakana ɗan Boma ne. A unguwarmu ta Ƙofar Marusa, Baba Saje kowa yake ce masa. An ɗauke shi kurtu lokacin Yaƙin Hitila, aka sa su a jirgin ruwa daga Legas, suka yi makonni ba su ga tudu ba kafin su sauka Bombay, daga nan aka wuce da su dajin Boma don su kara da sojojin Japan. Ya dawo a 1946 da igiya uku a hannun riga. Ni da tsufansa na san shi, bayan ya bar aikin gadi, yana zaune a zaure yana tufkar igiya. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, amma ko babban mutum ya shigo zauren nan sai ya gyara zama.

Taurinsa a ƙananan abubuwa yake. Kafin assalatu ya tashi, har ranar da ciwon ajali ya kwantar da shi. Da hannunsa yake wanke tufafinsa. Ba ya barin ko loma a akushi, yaron da ya zubar da tuwo kuwa kallo ɗaya ya ishe shi. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. Ranar hawan Sallah duk gari ya tafi Ƙofar Soro kallon dawaki, shi yana gida, domin ba ya son ƙarar ƴan bindiga. Muna yara mun ɗauka tsufa ne. Sai da na girma na gane abin da yake gudu.

In an matsa masa ya ba da labarin yaƙi, ba ya maganar wanda ya harbe. Ruwa yake faɗa, wanda ake kwana da kwanaki ana shekawa har fatar ƙafa ta saɓule a cikin takalmi. Sai matsattsaku, sai zazzaɓi, sai kaya. Daga baya na karanta na ga abin da yake nufi da kaya. Rundunoni biyu aka kai daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82. Ta 81 ta shiga kwarin Kaladan tun ƙarshen 1943, wurin da babu hanyar mota, saboda haka a ka ake ɗaukar harsashi da kayan yaƙi, jirgin sama ya jefo abinci, hanya kuma da adda suka sare ta. Hausa ce harshen bariki a rundunar Nijeriya, har hafsoshin Turawa sai da suka koye ta, amma iyakar ɗan ƙasa a lokacin samanja. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka karɓe garin Myohaung daga hannun Japan. Yau muna faɗin barikin Dodan da na Arakan da na Myohaung a Legas, da na Chindit a Zariya, matasa da yawa ba su san cewa daga yaƙin Boma sunayen suka fito ba. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, da kansa ya je har can ya duba sojojin, kuma wannan ne kaɗai labarin da Baba yake bayarwa fuskarsa a sake.

Akwai wani da ba daga bakinsa na ji ba, kakarmu ce ta faɗa mana bayan rasuwarsa. Yana da aboki mutumin Daura da suka kwana rami ɗaya. Harsashi ya same shi a bakin wani kogi, suka rufe shi cikin bargonsa domin babu likkafani. Da Baba ya dawo, bai yi sati biyu a gida ba ya kama hanyar Daura ya nemo mahaifiyar. Tambaya ɗaya ta yi masa: an yi masa salla, an fuskantar da shi alƙibla? Ya ce da hannunsa ya yi. Tun daga shekarar, duk kaka sai ya kai mata damin gero da goro, har Allah ya karɓi ranta. Bai taɓa gaya wa kowa a zaure ba.

Malam Edita, ina marubucin da zai ce wannan bai kai labari ba? Ban ce babu masu zafi a cikin tsofaffin sojoji ba. Akwai su, akwai waɗanda iyalinsu suka sha wuya a hannunsu, akwai waɗanda suka dawo ƙwaƙwalwa ta taɓu. Amma marubuci in ya nuna mana ihun, ya kamata ya nuna mana abin da ya haife shi. Mutumin da ke firgita cikin dare yana kiran sunan wanda ya mutu shekara hamsin da suka wuce ba abin dariya ba ne.

Ƴan Boma kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Amma waɗanda suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wanda a tsakiyarsa, a 1968, Hassan Usman Katsina ya zama shugaban hafsoshin sojan ƙasa, akwai sauransu a Katsina da Daura da ƙauyukanmu. Ga waɗanda suka je Laberiya a 1990, ga na Saliyo, ga yaranmu da ke dawowa daga Arewa maso Gabas, wasu da ƙafa ɗaya. Bara na raka wani dattijo maƙwabcinmu wani ofishin tantance ƴan fansho. Tun hantsi yake tsaye cikin rana, takardunsa ƙunshe a leda, har la'asar aka ce ya dawo gobe. Ya ƙame, ya yi godiya, ya juya. A hanya ne ya ba ni labarin tsallake kogin Neja, abin da na shekara ashirin kusa da shi ban sani ba, don ban taɓa tambaya ba.

Kowace 15 ga Janairu, ranar tunawa da sojoji, ana ajiye furanni a yi jawabi, washegari a manta. Roƙona gare ka shi ne ka ware shafi ko sau ɗaya a wata, ka tura wakilinka ya zauna da waɗannan dattawa ya naɗi muryarsu, a buga yadda suka faɗa da Hausarsu. Marubuta kuma ina roƙonsu, kafin su sa tsohon soja a labari, su sayi goro su je zauren guda ɗaya su yini. Ba za su buɗe baki ranar farko ba, sai an yi ta komawa. In wakilinka zai shigo Katsina, na san zaure uku da zan iya raka shi, kuma biyu daga cikin masu su sun haura tamanin.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Ƙofar Marusa, Katsina