Zuwa ga Sarkin Albasa na Mile 12

Sarki,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya Legas, ya kasuwa, ya uwargida da yaran? Ina fata taɓon damina bai haɗiye ka ba, don na san halin kasuwar nan taku in ruwa ya sauka. Na san za ka ce yau lafiya Na-baya ya zauna yana rubuta doguwar magana kamar ɗan makaranta, to laifinka ne, sau uku ina kiranka, na farko yaronka ya ɗauka yace kana sauke kaya, sauran biyun kuma hayaniya ce kawai nake ji da hon ɗin motoci, in na tura maka saƙon murya kuma ba ka saurara sai dai ka turo min hoton hannu biyu na addu'a shi ke nan. Rabonmu da hira ta kirki tun Ista. Asali wata 'yar tambaya ce ta sa na ɗauki wayar, amma bari tukunna, akwai labarin da ya cika min ciki.

Mun yi wa gonar Dogo gayya. Ran Asabar ɗin da ta wuce, mu 23, har da mata. Eh, ka karanta daidai, kuma ni ɗin nan da ka sani ni na yi yawon gayyatar mutane gida gida.

Sai na koma baya kaɗan in ba haka ba ba za ka gane ba. Ka san yadda hanya ta zama, Fada yanzu sai ya yi sati uku ko huɗu bai leƙo cocinmu ba, kuma ba wanda ke ganin laifinsa, ƙauyukan da ke wuyansa sun yi yawa ga kuma masu satar mutane. Baba Katikis ne ke riƙe da ibadar Lahadi, shi ma idonsa ya fara gajiya. To kafin Kirsimeti sai Fada yace a raba mu unguwa unguwa, gida takwas zuwa goma, a riƙa haɗuwa duk Laraba da yamma a gidan mutum ɗaya ana karanta Bisharar Lahadi mai zuwa tare. Ni dai nace ga wata sabuwar hanyar karɓar kuɗi ta zo. Mata suna da Zumuntar Mata, 'yan Lijon na Maryamu suna da nasu, mawaƙa suna da nasu, kowanne da anko da tarar latti, me kuma ya rage. Wata biyu ban je ba. Ranar da layi ya zo kan gidanmu ne Maman yara ta shimfiɗa tabarmi a tsakar gida tace in ina da inda zan gudu bismilla, shi ne na zauna can gefen turmi ina ɓare gyaɗa kamar ba da ni ake ba.

Abin ba wa'azi ba ne, wannan ne ya fara ba ni mamaki. Baba Katikis yace tsarin mataki bakwai ne, daga wata cibiya da ake kira Lumko a Afirka ta Kudu ya fito, kuma ƙasashen gabashin Afirka sun daɗe da irin waɗannan ƙananan zumunta tun wajen 1973, mu ne dai muka makara. Mutum ɗaya zai gayyaci Ubangiji da gajeriyar addu'a, a karanta wurin sau biyu, sai kowa ya ɗauki kalma ɗaya ko biyu da ta taɓa shi ya faɗe ta a fili a hankali, ba bayani. Daga nan sai a yi shiru minti uku. Sarki, ka taɓa ganin mutanen garinmu sun yi shiru na minti uku ba a makabarta ba? Ranar farko wayar Kawu ta ɗauki kiɗa a tsakiya, ya rasa a wane aljihu take, akuya ta tura ƙyaure ta shigo, Gajere kuwa har da minshari, da aka taɓa shi yace wai cikin Ruhu yake. Amma yanzu mun saba, har in an taƙaita shirun sai ka ji wani yana ƙorafi. Bayan shirun ne mai so zai faɗi abin da ya ji a ransa, kuma doka ita ce ba mai gyara wa wani magana, ba mai ba shi amsa, ko Katikis ne. Sannan a tambaya, to a wannan satin me za mu yi. A rufe da addu'a. Awa ɗaya ne in ba a biye wa Kawu ba, sai dai duhu kan riske mu, mai karatu na haska littafi da tocilar waya ƙwari na ta faɗa masa a ido.

To Larabar da ta gabaci Lahadin 13 ga Yuli, karatun shi ne na Basamariyen nan da ya taimaki mutumin da 'yan fashi suka yasar a hanya bayan wasu biyu sun gan shi sun ratse, Luka sura 10. Labarin da tun muna ajin katikisim muka haddace, har wasan kwaikwayonsa mun yi, kai ne jakin in ba ka manta ba. Na zauna ina tunanin kuɗin maganin feshi. Da aka zo ɗaukar kalma wannan yace tausayi, wancan yace maƙwabci, sai Iya, wadda ko harafi ɗaya ba ta iya karantawa, tace "ya ratse". Ta yi shiru ta sake cewa "ya ratse". Sau uku. Ba ta kalle ni ba, na tabbata ba ta san komai ba, amma sai na ji kamar an watsa min ruwan randa.

Abin da ban taɓa faɗa maka ba ke nan. A daminar 2023, lokacin da aka cire tallafin mai komai ya tashi sama, Dogo ya ba ni taki buhu biyu bashi, yace in na yi girbi in biya. Girbi ya zo na ce masa sai baɗi, ya yi dariyar nan tasa yace ba komai. Baɗin ta zo ya kwanta, sati biyu ya tafi. Ba takarda, ba shaida, na ɗauka daga ni sai shi sai Allah. Tun ranar da muka dawo daga binne shi ban ƙara bi ta ƙofar gidansa ba, shekara guda cur, in zan je gona sai in zagaya ta bayan injin niƙa, hanyar da ta ninka nisa, in Maman yara ta tambaya in ce wancan gefen taɓo. A coci in na hango matarsa sai in tsaya gyaran takalmi. Minti ukun nan na shiru ban san ya suka wuce ba, zufa kawai nake, kuma da aka zo wurin magana sai na ji bakina ya buɗe da kansa na faɗi duka, a gaban mutum 14, har da yara matasa da ke kirana Baba.

Ba wanda yace uffan. Na so ma wani ya zage ni in samu sauƙi. Sai can da aka zo maganar aikin sati, Uwar Zumunta ta gyara ɗankwali tace ita dai ta bi ta gonar marigayi shekaranjiya, ciyawa ta fi masarar tsayi, ko firi ba a gama ba mutane suna maimai. Shi ke nan maganar gayya ta tashi, aka ce tunda ni na fi kowa sanin hanyoyin zagaye a garin nan ni zan yi gayyata. Gajere ne ya faɗi haka, Allah ya shirye shi, har Iya sai da ta yi dariya.

Af, kafin in manta, Gajeren naka aure zai yi bayan kaka, kuma ba wadda kake tsammani ba, ƙanwarta. Rigimar da aka yi ba ta rubutuwa, sai ka zo. Kawu kuma ya sayar da bijimin nan ya sayi babur, sati ɗaya ya shiga da shi cikin dangar maƙwabci, yanzu ɗansa ke tuƙa shi yana zaune a baya yana ba da umarni. Sannan Larabar da ta biyo baya karatun Marta da Maryamu ne, zo ka ga yadda matan suka tsaya wa Marta, wai in kowa ya zauna sauraro wa zai tuƙa tuwon, ranar dokar nan ta ba mai ba wani amsa sai da ta sha wuya.

Ranar gayyar tun da asuba muka fita, aka yi Ubanmu da A gaishe ki Maryamu a bakin gona, yaran CYON, ƙungiyar matasan Katolika, suka kawo gangar coci. Wajen ƙarfe tara sai ga Malam mai gonar gefe ya taho da shanun huɗarsa, ba wanda ya gayyace shi, yace shekara 20 suna iyaka da Dogo ko sau ɗaya ba su taɓa sa-in-sa a kan kunya ɗaya ba, ya kama aiki har azahar sannan ya tafi salla. Mata suka kawo kunun tsamiya da ɗanwake. Bayana har yau bai dawo daidai ba.

Da yamma na shiga gidan, karon farko. Na sayar da tunkiya da buhun waken da na ɓoye, na ƙulle kuɗin a leda, a farashin taki na yau ba na wancan lokacin ba. Na durƙusa na fara kame-kame, sai tace in dakata. Ta shiga ɗaki ta fito da littafin addu'arsa, mai baƙin bangon nan da ya ɗaure da roba, ta buɗe shafin ƙarshe. Ga sunana da rubutunsa, taki buhu 2. Ashe tun satin rasuwar ta gani. Tace kullum tana hango ni ina zagayawa ta bayan injin, ita tausayi ma nake ba ta saboda nisan. Ban san lokacin da hawaye suka zubo min ba, ƙato da ni. Kuma Sarki, kai ma sunanka na nan a shafin, dubu biyar, kuɗin motar ranar da ka fara tafiya Legas. Kwantar da hankalinka, ya ja layi a kai ya rubuta kyauta a gefe. Nawa ne bai ja wa layi ba, ka ga ko a nan ma ya nuna wanda ya fi so.

Yanzu damuwata ita ce sun ce ni zan riƙa jagorantar ta unguwarmu. Ni da muka shekara nawa da kai a bencin baya muna fita kafin albarkar ƙarshe. Na je wurin Baba Katikis nace ban yi makarantar katikis ta Malumfashi ba, ban iya komai ba, yace shahidan Uganda 22 da muke tunawa ran 3 ga Yuni akwai Fada ko ɗaya a cikinsu? Babu, duk irinmu ne, wasu ma yara. Yace baftismar da aka yi min ita ce takardar ɗaukar aikina, kuma wannan ba sabon zance ba ne, tun babban taron Vatican na biyu da aka rufe a 1965 Ekklesiya ta faɗe shi, mu ne muka bar wa Fada da Sista komai muka koma 'yan kallo. Akwai masu cewa wai kwaikwayon 'yan Fentikos muke, Kawu na cikinsu kafin ya zama shi ke fara zuwa. Amma ai marigayi Fafaroma Francis da kansa a taron Sinod na 2023 a Roma ya zaunar da bishop-bishop da mutane irinmu a teburi ɗaya, a saurari juna a yi shiru, har mata suka jefa ƙuri'a. Ga shi kuma tun Disambar 2023 muna da namu bishop a Katsina bayan an cire mu daga Sakkwato, Bishop Gerald Musa, ɗan ƙasarmu mai jin yarenmu, to wa kuma za mu ce muna jira.

Duk da haka tsoro nake ji, ba na karatun ba, na kaina. Na san halina, kar wata uku in fara tsayawa ina nuna mutane da yatsa kamar ƙaramin Fada. Kuma tuni wani ya kawo shawarar a yi anko a naɗa ma'aji, nace ranar da aka fara cin tarar latti ranar zan koma gefen turmi. Ka sa ni a addu'a, da gaske nake, ba hoton hannu biyu ba.

Kai fa, kana samun zuwa Misa kuwa ko Lahadi ma ranar sauke kaya ce? Yaran garinmu nawa ne a wurinka, na ƙirga shida da na sani. Ba wa'azi nake maka ba, amma tabarma ɗaya da Littafi ɗaya ne, ko a kan buhunan albasar sai ku zauna, hawaye ma ba sai kun nema ba.

Babban ɗan Dogo zai shiga aji huɗu na sakandare a watan Satumba, mun yi maganar kuɗin makarantarsa a zumunta, kowa zai kawo abin da ya samu bayan an fara cin sabuwar masara. Ban sa sunanka ba sai na ji daga bakinka. Tambayar da nace zan yi maka kuwa ta shige min, wani abu ne da nake so ka duba min farashinsa a Alaba, in na tuna zan kira, ka ɗauka da kanka dan Allah. Maman yara na gaida uwargida, tace kukar da daddawar suna nan ta ɗaure, direban da aka saba ba shi ne bai tashi ba har yanzu.

Naka,
Na-baya